Butar Yayana

Jikata ce ta jawo mini wannan aiki. Tana cikin 'yan ƙungiyarku, kuma da ta zo hutu sai ta tasa ni gaba, wai editan mujallarsu yana neman rubutu daga wurin dattawa, lalle sai na ba ta wani abu ta kai. Na ce mata, "Haba amarya, ni da ko zare ban iya zura wa allura yanzu, ina ni ina mujallar masu digiri?" Ta ce ai ido ne ya tsufa, baki bai tsufa ba, in faɗa ta rubuta. To, shi ke nan. Abin da za ku karanta bakina ne, hannunta ne. In kun ga kuskuren ƙa'idar rubutu ku kama ta, in kuwa na tunani ne ku kamo ni.

Ni Bahaushe ne, Kirista, mutumin ƙasar Gwarzo. Na san akwai mai karatun da zai tsaya a nan ya sake duban layin ko ya yi tsallake. Ba ka yi ba, ɗan'uwa. Sau da dama a kasuwar Kano in an ji sunana na baftisma akan tambaye ni inda na koyi Hausa haka, ni kuwa in ce a bayan uwata.

An haife ni a wani gidan Maguzawa da ke cikin gonaki tsakanin Kabo da Gwarzo, tafiyar kamar sa'a guda a ƙasa daga titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Gwarzo ya nufi Dayi. Ba wanda ya rubuta ranar. Malamin da ya ɗauke mu makaranta ne ya sa na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunne, ya dube ni ya rubuta 1951, ni kuwa na riƙe ta har na karɓi fansho da ita. Gidanmu gandu ne, mutum ya fi arba'in, rumbuna jere kamar dogarai. Maza da mata duk ana fita gona. Baba manomi ne na ji da gani. Kafin a yi shuka sai ya yi wa Uwar Gona yanka, a tsakar gida kuma akwai jigon da ake zuba wa jinin akuya ko zakara domin Kure da sauran iskokin gida. Ana dafa giya, ana sha ranar buki da ranar gayya. Baba ya san da Allah, yana rantsuwa da shi, amma a ganinsa Allah Sarki ne mai nisa, talaka kuwa da 'yan fada yake hulɗa.

Masu ba'a sukan ce wai Maguzawa ma-guje-wa-salla ne. Malamanku na harshe sun fi karkata ga kalmar Larabci ta Majusu, kuma ina jin su ne da gaskiya. Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano daga 1938 zuwa 1939, ya rubuta littafi a kansu wanda ya fito a 1946. Sai bayan na bar aiki wani ya ara mini shi. Na ga sunayen iskokin gidanmu kwance cikin Turanci kamar an shanya su a rana, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Mu biyu ne maza a ɗakin innarmu, ni da Yaya. Ya girme ni da shekara kamar takwas, kuma shi ya yi goyona sa'ad da Inna take gona. Ni ne autanta, saboda haka Auta yake kirana, bai kuwa sake wannan suna ba har ya koma ga Allah.

A wannan zamani akwai wani mai bishara da yakan zo bisa keke daga tashar mishan ta Kabo, ya tara yara a gindin ɗorawa yana koya musu karatu. Ga waɗanda ba su sani ba, mishan ɗin nan ita ce SIM. Mutum uku suka fara ta, suka sauka Ikko a 1893, biyu suka mutu tun ba a yi nisa ba, aka bar Rowland Bingham shi kaɗai. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulunci, sai a shekarun 1930 aka sassauta, musamman ta ƙofar aikin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Daga nan aka sami asibitin ido na Kano a 1943, da makarantu, da ƙananan majami'u cikin ƙauyukan Maguzawa. A 1954 majami'un suka haɗu suka zama ECWA, wadda mu muke kira Ikwa.

Baba ba ruwansa da bishara. Abin da yake so shi ne a sami ɗa guda a gidan wanda zai iya karanta takardar haraji, ya kuma dubi sikelin masu sayen gyaɗa kada a riƙa yi mana ƙwange. Cikin yaran gindin ɗorawa ba wanda ya kai Yaya kai. Cikin wata biyu ya fara haɗa baƙi. Amma shi ne ƙarfin gandu, Baba ba zai sake shi ba. Na tuna daren da aka yi maganar. Yaya ya yi shiru har wutar tsakar gida ta kusa mutuwa, sa'an nan ya ce, "Baba, a tura Auta." Gyaɗar gayaunarsa ya sayar ya saya mini akwatin kwano da bargo. Ranar tafiya rafi ya kawo, shi ya ɗora ni a wuya, akwati bisa kaina, ya ratsa da ni ruwa har ƙirjinsa. Haka na tafi makarantar mishan ta Roni.

Ina can Sardauna ya ɗaura yaƙin musuluntar da jama'a, wanda ya yi ƙarfi a 1964 da 1965, ya kuwa taɓa Maguzawa ƙwarai. Da na dawo hutu na tarar Yaya ya musulunta. Wasu sun shiga don riga da rawani, wannan kowa ya sani, amma Yaya ba ya cikinsu. Ya koma cikin garin Gwarzo, ya kama sana'ar hatsi, da dare yana zuwa gaban wani malami da allonsa kamar yaro. Kan da aka hana boko sai ya zuba shi a can. Ni kuma a 1967, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kano, aka nutsa ni cikin ruwa aka yi mini baftisma. Da labari ya kai wa Baba sai ya ce, "To, ɗaya ya bi gabas, ɗaya ya bi littafi. Ni ina nan ina gadin gida."

Na fara koyarwa a 1971. Da kuɗin Udoji suka zo a 1975 na sayi babur. Da aka fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, malamai suka yi ƙaranci, sai ga ni hedimasta tun gemuna bai cika ba. A majami'a kuwa abin ya fi haka. Ni ne sakatare, ni ne mai karanta Littafi Mai Tsarki, tun muna amfani da tsohuwar fassara ta 1932 wadda Likita Miller na Zariya ya sha wahalarta, har sabuwa ta fito wajen 1980. In baƙon mai wa'azi ya zo daga Jos ni ne tafinta, wani lokaci ma in ƙara masa gishiri inda na ga miyarsa ta yi lami. Ran Lahadi da yamma in hau babur in zaga ƙauyuka wa'azi. In ka tambaye ni a lokacin me nake yi, sai in ce bautar Allah, kuma ba ƙarya nake nufi ba. Sai dai na lura, yanzu da na waiwaya, duk aikin da na zaɓa wa kaina irin wanda ake yi a tsaye ne gaban jama'a, da farar riga.

Tun da ku masu nazarin Hausa ne, bari in ɗan ratse. Kalmar bauta ta daɗe tana ba ni mamaki. Da ita muke faɗin abin da ya fi kome daraja, watau bautar Allah, da ita kuma muke faɗin abin da ya fi kome ƙasƙanci, watau zaman bawa a hannun ubangijinsa. Bahaushe bai raba su ba. Hidima kuwa aro ce daga Larabci, ta fi laushi, har mai kuɗi yakan ce yana da hidima da yawa alhali buki yake nufi. Mu a majami'a mun fi son hidima. Takan zo da kujera a gaba da suna cikin takardar shiri.

Akwai wata tsohuwa a majami'armu da na daɗe ban sa ta cikin lissafi ba. Kuturta ta cinye mata yatsu kafin a kai ta Yadakunya, a can ta warke, a can kuma ta ba da gaskiya. Ba ta iya karatu ba, muryarta kuma ba ta waƙa ba ce, ko a Zumuntar Mata can baya take zama. Kowace Asabar da la'asar takan sa jikarta ta ɗaure mata tsintsiya a dungulmin hannu da tsumma, ta share ɗakin sujada tas, ta kakkaɓe benci, ta cika randa. Nakan zo in tarar da ita in na zo rubuta lambobin waƙoƙi a allo, in ce, "Sannu Gwaggo," in wuce. Ban taɓa karɓar tsintsiyar nan ba, ko sau ɗaya. Da ta rasu, mako uku ba a yi ba sai ga kashin awaki har gindin bagade. Muka kira taron dattawa, muka kafa kwamitin tsabta mai mutum bakwai, ni ne na rubuta sunayensu. Ɗakin bai sake yin tsabtar da ya yi a hannunta ba.

Yanzu na zo kan abin da ya fi mini wuyar faɗa. Jikata ta ɗago kai tana dubana, don ita ma ba ta taɓa ji ba.

Baba ya rasu a 1984, cikin shekarun fari. Da ciwo ya tsananta, ni da Yaya muka riƙa yi masa zirga-zirga, amma ba jiyya ce ta fi damunmu ba. Kowannenmu so yake ya kama tsohon kafin ya kuɓuce. In na zo in karanta masa Littafi in ce ya karɓi Yesu, in Yaya ya zo ya laƙƙana masa kalmar shahada. Tsoho ya dube mu kawai. Daren da ya cika muna nan dukanmu biyu, leɓunansa suka motsa, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Gari na wayewa Yaya ya ce shahada ya yi, a kira liman a yi masa sutura. Ni na ce ƙarya ne, sunan Yesu ya kira, fasto zai binne shi. Muka tsaya bisa gawar ubanmu muna sa-in-sa, mata na kuka, har na faɗa wa Yaya maganar da ba zan maimaita a nan ba. Shi ma ya mayar mini da wadda ta fi ta. Ƙanen Baba ne ya fito da sanda ya kore mu duka. Su suka binne ɗan'uwansu yadda suka gada, ba liman ba fasto.

Daga ranar nan muka shekara 32 ba mu zauna tabarma ɗaya ba. Ba wai gaba ce ta fili ba, mu Hausawa mun iya rufa irin wannan. In an haɗu wurin makoki a yi musafaha, a tambayi iyali, kowa ya kama gabansa. A watan Oktoba na 1991, sa'ad da rikici ya tashi a Kano kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe, Reinhard Bonnke, jita-jita ta cika ƙauyuka. Cikin dare sai ga babban ɗan Yaya bisa keke, ya ce, "Baffa, Baba ya ce ka kwaso su Gwaggo da yara ku zo gidansa ku kwana biyu." Na ce ya koma ya gaya masa Allahn da muke bauta wa ya isa ya tsare mu. Ba abin da ya same mu, gaskiya ne. Amma ko sannu ban aika masa ba, kuma na kwana ina jin na yi abin bangaskiya. A cikin shekarun nan na yi wa'azi kan gafara ban san iyaka ba, har mutane sukan zo bayan sujada su ce ya taɓa su.

Na bar aikin gwamnati a 2006 bayan shekara 35. Na ce to, yanzu sai aikin Ubangiji gaba ɗaya. Ashe majami'a ma tana da ritaya, ba a dai ba da takarda. Samari suka taso da digiri da kayan kiɗa na lantarki, baƙi suka daina neman tafinta. Da aka zo zaɓen dattawa wata shekara, aka ƙirga ƙuri'a sai ga sunana a ƙasa, har wani yaro da na koya wa abacada ya wuce ni. Na tafa tare da kowa, na koma gida na kasa cin tuwo. Na yi wata huɗu ina zuwa sujada a makare in zauna a bencin baya, daidai inda tsohuwar nan take zama. Idona kuma ya fara yana, baƙaƙen Littafi suka riƙa gudu suna haɗuwa. Na yi ta tambayar Allah cikin zuciyata ko ya gama da ni ne. Akwai wurin da Yesu ya gaya wa Bitrus cewa in ya tsufa wani ne zai ɗaura masa ɗamara ya kai shi inda ba ya so. Da can nakan karanta wurin in wuce, don ina ganin maganar Bitrus ce.

Da damina ta 2016 aka aiko cewa Yaya ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na ce Allah ya ba shi lafiya, na ci gaba da gyaran fartanya. Maiɗakina ce ta tsaya a kaina. Mace ce mai kawaici, shekara arba'in da auren ba ta taɓa sa baki cikin maganar ba, amma ran nan ta ce, "Malam, wanda ya ɗauke ka a wuya ya ƙetare rafi da kai yana kwance. In ba za ka ba, ba ni kuɗin mota ni in je." Na tafi, amma kada in yi muku ƙarya, da Littafi a aljihu na tafi. Na ce wannan ita ce damar da Allah ya buɗe.

Na same shi a ɗakin zaure bisa katifa, ya rame, bakinsa ya karkace. 'Ya'yansa maza duk suna nesa wurin neman abinci, wannan a Kano, wancan a Abuja, wani a Ikko, suna aiko da kuɗi suna zuwa in sun sami hali. Hajiya ta tsufa, ba ta iya ɗaga shi. Wani jikansa ɗan shekara goma sha biyu ne ke fama. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Ya dubi aljihuna, ya gane abin da ke ciki. Ya ce, maganar tana fita a tauna, "Auta, in wa'azi ka zo yi, koma gida. In juya ni ka zo yi, juya ni, bayana ya yi zafi."

Na juya shi. Bayan ya fara salewa saboda kwanciya. Na nemi ruwan ɗumi na gasa, na shafa masa mai, na sake shimfiɗa. Muna cikin haka aka kira azahar a masallacin unguwa. Na ga idonsa ya koma kan wata buta da ke bakin ƙofa, yaron kuwa an aike shi chemis. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Ladan ya gama. Ban san abin da ya ɗaga ni ba, na dai tashi na ɗauko butar da kwano.

Ni ɗan ƙasar Kano ne, ba a koya mini alwala ba amma na gan ta sau dubu. Na tallafe shi ya zauna, na zuba masa ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, ya wanke fuska da hannun hagu. Hannun daman da ya mutu ni na ɗaga na wanke har gwiwa. Ya shafi kai da kunne. Sai aka zo ƙafa. Na durƙusa na ɗauki ƙafar Yaya na sa a cinyata. Ƙafar manomi ce ko da ya daɗe da barin gona, duk faso, ga kuma tabon da fartanya ta sare shi tun muna yara, ina ma wurin ranar. Labarin Yesu da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa daren da za a bashe shi, na yi wa'azi a kansa kusan kowace shekara kafin Ista, na rarraba shi kashi uku, na kawo misalai. Amma ƙafar babban mutum ban taɓa riƙewa ba sai ran nan, ina da shekara 65. Da na gama na gyara masa zama ya fuskanci alƙibla, na fita waje na tsaya. Na yi tawa addu'ar a gindin darbejiya, in dai za a kira ta addu'a, don ban iya haɗa ko jimla ɗaya ba.

Washegari na dawo. Jibi ma haka. Daga baya na ajiye tabarmata a zauren, ina kwana uku ko huɗu a mako, ran Asabar in koma gida don sujada. Muka yi kusan shekara uku a haka. Aikin ba alwala kaɗai ba ne, akwai wanka, da bayan gida, da ba da koko a cokali, da wankin zannuwa. Akwai daren da na gaji na yi masa tsawa, akwai ranar da ya jefe ni da kofi. Kada wani ya ɗauka waliyyai biyu ne a ɗakin nan. Tsofaffi biyu ne masu taurin kai.

Magana kuwa ta tashi ta kowane gefe. A unguwarsu wasu suka ce yaya za a bar wanda ba ya salla ya riƙa yi wa Alhaji alwala. Ɗansa ya je ya tambayi limamin unguwa, wani dattijo mai sanyin hali, ya dawo ya ce liman ya ce niyya ta mai alwala ce, a bar 'yan'uwa su yi zumuncinsu. A majami'armu kuma aka fara raɗe-raɗin wai tsohon sakatare ya kusa musulunta, haushin faɗuwa zaɓe ne. Fastonmu, yaro ne sa'an ɗana, ya zo har gida cikin ladabi ya ce, "Baba, ba ka ganin kana taimakon abin da ba mu gaskata ba?" Ban raina tambayarsa ba, don ni ma ta hana ni barci. Ni Kirista ne, na gaskata ceto ta wurin Yesu Almasihu yake, ban kuwa sake ba har yau. Yaya ma bai matsa daga nasa ko taki ɗaya ba. Abin da na iya ce wa fasto shi ne, mutum yana kwance ba ya iya ɗaga hannu, abin da ya fi so a duniya shi ne ya tsaya gaban Mahaliccinsa da tsarki, ni ne kuma a ɗakin. Na ce in akwai laifi a ciki zan amsa shi gaban Ubangiji, don ya fi mini sauƙin amsawa bisa ga na shekara 32 ɗin nan. Fasto bai ce ya yarda ba. Amma bayan mako biyu sai ga shi a Gwarzo da lemo a leda ya zo duba Yaya.

Littafin bai fita daga aljihuna ba a ɗakin nan sai sau ɗaya, shi ma Yaya ne ya ce in karanta masa labarin Yusufu ya ji yadda namu ya faɗa. Jikan ne ya karanta, don idona ya riga ya gaza. Ya saurara har ƙarshe, ya ce nasu ya fi daɗin ji. Na ce ai kowa tuwon ɗakinsu yake yabo.

Wani dare cikin hunturu, ba wuta, muna kwance kowa ya yi shiru, sai ya ce, "Auta, kana barci?" Na ce a'a. Ya ce, "Daren da Baba ya cika, tsakaninka da Allah, me ka ji ya ce?" Na daɗe ban amsa ba. Sa'an nan na ce, "Yaya, ban ji sunan Yesu ba." Ya ce, "Ni ma ban ji shahada ba. Ni na fi kusa da bakinsa. Cewa ya yi a duba ko an ɗaure akuya." Na fashe da dariya, shi ma ya kama da rabin bakinsa, muka yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Hajiya ta leƙo da fitila tana tambaya ko lafiya. Da ta koma sai na ji yana kuka. Na lalubo hannunsa mai rai na riƙe. Ba wanda ya ce wa wani ya yafe, Bahaushe bai cika faɗin wannan ga ƙanensa ba, ni kuma na kasa fara wa.

Ya rasu a 2019, da asuba, kansa bisa cinyata, babban ɗansa yana laƙƙana masa shahada. Wannan karon na ji da kunnena, ya faɗa. Wanka da sutura na 'yan'uwansa Musulmi ne, na ba su wuri. Da aka jeru salla na koma gindin darbejiyar nan na tsaya. A maƙabarta na sa hannu na zuba ƙasa tare da kowa. Da aka dawo zaman makoki na nufi gefe, sai babban ɗan ya kamo hannuna ya ce, "Baffa, nan ne wurinka," ya zaunar da ni a tsakiyar tabarma inda babban gida ke zama. Kwana uku ina karɓar gaisuwa, har waɗanda suka yi maganar alwala suka zo suka durƙusa suka ce mini ya haƙuri.

Ranar da zan koma gida Hajiya ta aiko jikan nan da ƙunshi. Na zaci riga ce ko hula cikin kayan marigayi. Da na isa na kwance sai na ga butar ce. Ta roba ce, shuɗiya, bakinta ya taɓa tsagewa na like shi da wuƙa mai zafi. Tana nan bakin ƙofar ɗakina. Ran Asabar da la'asar, in ƙanen amaryar nan tawa ya ja ni da sanda zuwa majami'a, da ita nake yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi wa masu shara.